Sauraron Tsagewar Dutsen Gishiri a Ƙarƙashin Ƙasa



Masana sun daɗe da amincewa da dutsen gishiri ya zama ma'ajiyar sharar nukiliya saboda dalilai biyu: ruwa ba ya ratsa shi, kuma idan nauyi ya danne shi yakan malala sannu a hankali ya toshe kowace kafa. To amma da zarar an haƙa ɗaki a cikinsa, nauyin da ke bisa sai ya taru a bango da rufi. In ya wuce kima, ƙwayoyin gishirin sukan fara tsattsagewa, tsagar da ido ba ya gani. Inda tsaga ta sadu da tsaga kuwa, ruwa ya sami hanya.

Abin lura shi ne, kowace tsaga tana fitar da ɗan sauti lokacin da ta auku, wanda galibi ya fi ƙarfin kunnen ɗan Adam. Don haka akan huda ramuka a jikin dutsen, a kafa na'urori masu mayar da girgiza ta zama alamar lantarki. Sauti yana tafiyar kimanin mita 4,500 cikin daƙiƙa ɗaya a gishiri, saboda haka yakan riga isa ga na'urar da ta fi kusa. Daga wannan ratar lokaci tsakanin na'urori huɗu ko fiye, kwamfuta takan lissafa inda tsagar take. In aka tara dubbansu, sai taswirar wuraren haɗari ta fito.

Ƙasar Jamus ta ga amfanin wannan. A mahaƙar Morsleben, inda aka zuba shara daga 1971 zuwa 1998, wani ƙaton ɓangaren rufi ya rufto a 2001. Daga 2003 aka shiga cike ɗakunan tsakiya da kankaren gishiri, na'urori kuma suka nuna yadda zafin kankaren ya ƙara yawan tsagewa a kewaye. A mahaƙar Asse kuwa, inda aka jibge ganguna wajen 126,000 tsakanin 1967 da 1978, ruwa ya fara kutsawa a 1988, har a 2013 aka kafa dokar kwashe sharar.

Sai dai na'urar ba ta faɗin ranar da rufi zai faɗo. Iyakarta ta nuna inda dutse ke shan wahala. Sauran aiki na injiniyoyi ne, su tokare wurin ko su cike shi tun da sauran lokaci. Hausawa dai sun ce, in kunne ya ji, jiki ya tsira.