Wanzami Ba Ya Son Jarfa: Wa Ke Binciken 'Yan Majalisa?



Majalisar dokoki ita ke da ikon kiran minista ya zo ya yi bayani, ita ke bin diddigin kuɗin ma'aikatu, ita ke tantance manyan alƙalai. To idan ita ce aka zarga, wa zai kira ta? A yawancin ƙasashe amsar ita ce kwamitin ɗa'a, wato 'yan majalisa su zauna su binciki ɗan uwansu, wanda gobe za su nemi ƙuri'arsa a kan ƙudurinsu, ko su haɗu da shi a taron jam'iyya. Ra'ayina shi ne wannan tsari ba zai iya aikin ba, ko da mutanen kirki ne a cikinsa, kuma binciken dole ya koma hannun waɗanda ba 'yan majalisa ba.

Mu fara da gida. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wanda ya shugabanci kwamitin kasafin kuɗi na Majalisar Wakilai, ya zargi shugabannin majalisar da cushe a kasafi. Kwamitin ɗa'a ya zauna, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A watan Maris na 2017 Sanata Ali Ndume ya nemi a binciki wasu zarge-zarge da jaridu suka buga a kan shugaban Majalisar Dattawa Bukola Saraki da Sanata Dino Melaye. Kwamiti ya wanke su biyun, shi kuma aka dakatar da shi wata shida. Kotu ta soke dakatarwar Ndume, ta soke ta Jibrin. A Maris ɗin 2024 Sanata Abdul Ningi ya yi hira da sashen Hausa na BBC, ya yi zancen naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar, aka dakatar da shi wata uku.

Ba wai na tsaya nan ne in ce masu zargin sun yi gaskiya ba. A ƙaddara ma ƙazafi suka yi. Wankewar da kwamitin da kai ka naɗa ya yi maka ba ta wanke ka a idon talaka. Saboda haka mai gaskiya ma ya yi asara, mazaɓar wanda aka dakatar ta zauna babu wakili, sauran 'yan majalisa kuma sun koyi darasin kama baki.

Birtaniya ta bi ta wannan hanya, kuma sai da ta sha kunya kafin ta gyara. A 1994 aka gano wasu 'yan majalisa na karɓar kuɗi don su yi tambayoyi a zaure. Shekara guda bayan haka aka ƙirƙiri ofishin kwamishinan ɗa'a, wanda ba ɗan majalisa ba ne. Sai kuma 2009, lokacin da jaridar Daily Telegraph ta fara buga takardun alawus ɗin da suke karɓa. Wani ya nemi a biya shi kuɗin ɗakin agwagi da ya sa a tafkin gidansa, wasu sun karɓi kuɗin bashin gida da suka riga suka gama biya. Kakakin majalisa Michael Martin ya sauka, wasu suka tafi gidan yari, aka kafa hukumar IPSA mai zaman kanta, aka ƙwace harkar alawus daga hannun majalisa, daga baya har da albashi. Yau kowane ɗan ƙasa na iya ganin abin da wakilinsa ya karɓa. Ku kwatanta da mu, inda sai a 2018 da Sanata Shehu Sani ya faɗa da bakinsa jama'a suka ji cewa sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata na gudanar da ofis.

Amma abin da ya fi koya mini darasi shi ne shari'ar ɗan majalisa Owen Paterson a 2021. Kwamishinar ɗa'a, Kathryn Stone, ta bincika ta gano ya yi ta kamun ƙafa a ma'aikatun gwamnati domin kamfanoni biyu da ke biyansa. Kwamitin ɗa'a, wanda rabinsa mutanen gari ne ba zaɓaɓɓu ba, ya ce a dakatar da shi kwana 30. Gwamnatin Boris Johnson ta tara 'yan jam'iyyarta ranar 3 ga Nuwamba, suka kaɗa ƙuri'a 250 da 232 don a jingine hukuncin, a sake fasalin tsarin baki ɗaya. Washegari suka janye, Paterson ya ajiye kujerarsa, jam'iyyarsa kuma ta faɗi a zaɓen cike gurbi. Me ya tilasta su? Rahoton yana a fili. Kowa ya karanta wasiƙun da ranakun da kuɗin. Masu rinjaye suna da ƙuri'ar da za su kare shi, amma ba su da hanyar ɓoye abin da suke karewa.

Haka ya faru a Amurka. Bayan badaƙalar mai kamun ƙafa Jack Abramoff, Majalisar Wakilai ta kafa ofishin ɗa'a mai zaman kansa a 2008. Ba shi da ikon aika sammaci, ba ya hukunta kowa, bincike kawai yake yi ya miƙa wa kwamiti, amma akwai ƙa'idar da ke tilasta fitar da rahotonsa. A Janairun 2017 'yan Republican suka amince a taron sirri su rage masa ƙarfi, kwana ɗaya suka fasa saboda hayaniyar jama'a. Majalisar Dattawansu har yau ba ta da irinsa.

Wani zai ce, ai muna da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata da kotunta, ga EFCC ga ICPC. Haka ne. Sai dai shugaban ƙasa ke naɗa shugabanninsu, kuma duk lokacin da suka taɓa ɗan majalisa sai a ce bi-ta-da-ƙulli ne. Haka aka ce a shari'ar Saraki da ta fara a 2015, wadda Kotun Ƙoli ta kawo ƙarshenta a 2018 da wanke shi. Wannan tsoro ba na banza ba ne; majalisar da ɓangaren zartarwa ke iya razanawa da fayil ta zama 'yar amshin shata. Don haka mai binciken da nake nufi sai ya kuɓuta daga ɓangarorin biyu: wa'adi ɗaya wanda ba a sabuntawa, kuɗin aiki da doka ta tanada, ikon fara bincike ba tare da izinin kakaki ba, da wajibcin buga sakamako. Hukunci na iya zama a hannun zaure, tunda jama'a suka zaɓi mutumin, amma a kaɗa ƙuri'ar da suna. Akwai ma aikin da ya fi wannan sauƙi. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ce 'yan ƙasa na iya duba takardun bayyana kadarori bisa sharuɗɗan da Majalisar Tarayya za ta shimfiɗa. Fiye da shekara ashirin ke nan ba ta shimfiɗa ba.

Saura ma'aikata, waɗanda ake yawan mantawa da su. Hadimai da akawun kwamiti su ke rubuta rahoto, su ke haɗa lambobin kasafi, ta wurinsu mai neman alfarma ke shiga. A shari'ar Abramoff, tsofaffin hadiman 'yan majalisa na cikin waɗanda suka amsa laifi. A tamu ta ɗan majalisa Faruk Lawan, wanda aka ɗaure kan karɓar dala 500,000 lokacin binciken tallafin mai na 2012, tare da sakataren kwamitin binciken aka fara gurfanar da shi. Dokar ɗa'ar da ba ta hau kansu ba ta bar ƙofa a buɗe.

Su ne kuma suka fi kowa buƙatar kariya. Hadimi yana cin abinci ne da yardar maigidansa. Ranar da ya ƙi sa hannu, ranar aikinsa ya ƙare. A 2018 tsohuwar alƙaliya Laura Cox ta rubuta rahoto kan cin zarafi da tsangwamar ma'aikata a Majalisar Birtaniya, kuma a 2020 aka cire 'yan majalisa daga yanke hukunci kan irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, aka miƙa wa wani kwamitin ƙwararru na waje. Shi ne a 2022 ya tabbatar da laifin cin zarafin ma'aikata a kan tsohon kakaki John Bercow. Ina roƙon ɗaliban shari'a su ɗauki dokokin majalisar jiharsu su duba: idan yarinyar da ke aiki a ofishin ɗan majalisa ta ga an karkatar da kuɗin aikin mazaɓa, ko shi maigidan ya matsa mata, wane ofis za ta kai ƙara wanda ba abokan zamansa ne a ciki ba? In babu, ku rubuta daftarin ƙudurin da zai samar da shi, ku kai wa wakilinku a rubuce, ku ajiye kwafi.