Tun Ran Gini, Ran Zane: Jawabi Kan Kammala Karatu a Kan Kari

Garin Suleja, wanda dā ake kira Abuja kafin ya bai wa sabon babban birnin Tarayya sunansa, ya daɗe da sanin darajar ilmi. Marigayi Sarki Sulaimanu Barau, wanda garin ya ci sunansa, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya kuma yi aikin koyarwa kafin ya hau gadon sarauta a 1944. A yau 'ya'yan wannan gari suna neman ilmi a Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna, da Jami'ar Abuja, da Jami'ar Ibrahim Badamasi Babangida da ke Lapai, da sauran manyan makarantun ƙasa. Samun shiga abin murna ne, amma fita a kan kari shi ne cikar buri.

Wajibi ne kowane ɗalibi da mahaifinsa su fahimci yadda ake lissafin karatun jami'a. Tun 1989 Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta shimfiɗa tsarin da ake auna nauyin kowane darasi da abin da ake kira yunit. Shekarar karatu zango biyu ce. A kowane zango ana bukatar ɗalibi ya yi rajistar yunit 15 aƙalla, kada kuma ya wuce 24. Digiri na shekara huɗu yana bukatar yunit 120 ko fiye.

Lissafin a fili yake. Shekara huɗu zango takwas ke nan. Wanda ya ci yunit 15 a kowane zango zai haɗa 120 daidai lokacin da aka ɗibar masa. Wanda kuwa yake tsira da 12 kawai, ko don ya fāɗi wani darasi ko don ya janye daga gare shi, sai ya yi zango goma, wato shekara biyar. Bugu da ƙari, waɗansu darussa tsani ne ga waɗansu: ba a hawa na sama sai an ci na ƙasa, kuma galibi sau ɗaya ake koyar da kowanne a shekara. Saboda haka darasi guda da aka yi wa sakaci yana iya tsare ɗalibi shekara cur. Jinkirin ma yana da iyaka, domin a bisa ƙa'ida wanda ya shiga karatun shekara huɗu ba ya wuce shekara shida; in bai gama ba, sai a sallame shi hannu rabbana.

Hasarar ƙarin shekara ba ta tsaya ga ɗalibi shi kaɗai ba. Manomi ko ɗan kasuwa da ya yi tanadin kuɗin shekara huɗu, dole ya sake biyan kuɗin makaranta, da na ɗaki, da na abinci, da na mota, alhali ƙannen ɗalibin suna jiran nasu rabon. Wanda ya karɓi rance daga asusun ba ɗalibai lamuni, wanda dokar 2024 ta kafa, ƙarin shekara ƙarin bashi ne a wuyansa. Haka kuma shirin yi wa ƙasa hidima, wanda aka kafa a 1973, ba ya ɗaukar wanda ya haura shekara 30 a lokacin kammalawarsa. Ga kuma kujera da gadon kwana da wani yaro zai samu, an tare su.

Gaskiya ne akwai jinkirin da ba laifin ɗalibi ba ne. Yajin aikin malaman jami'o'i ya ci kimanin wata tara a 2020, ya kuma ci wata takwas a 2022. Rashin lafiya da ƙuncin rayuwa su ma sukan gitta. To, wannan shi ne babban dalilin da ya sa bai kamata ɗalibi ya ƙara wa kansa wani jinkiri da hannunsa ba.

Abin da ya kamaci ɗalibi shi ne ya yi rajista da wuri, ya ɗauki cikakken nauyin darussan da sashensa ya tsara, ya nemi shawarar malamin da ke kula da ajinsa kafin ya sa hannu. In ya fāɗi wani darasi, ya maimaita shi a karo na farko da ya samu. Ya lazimci shiga aji, gama jami'o'i da dama ba sa barin wanda halartarsa ba ta kai kashi 75 cikin 100 ba ya zauna jarrabawa. Kada kuma ya ɗora wa kansa fiye da ƙarfinsa. Iyaye su ma su riƙa neman ganin sakamakon kowane zango, kada su jira sai shekarar ƙarshe.

Maginan tukwane na ƙasar Suleja, waɗanda Ladi Kwali ta ɗaukaka sunansu a duniya, sun san cewa ana yi wa tukunya zane ne tun yumɓu bai bushe ba. Haka karatu yake: tun zangon farko ake shirya ranar fita. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya amfanar da ƙasa da ilminsu, amin.