Ɗigon Jini da Sirrin Zuriya



A shekarar 1996, sa'ad da annobar sanƙarau ta afka wa ƙasar Hausa, kamfanin Pfizer na Amurka ya jarraba maganinsa Trovan a birnin Kano, cikin wani bincike da ya ƙunshi yara kimanin 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Iyaye suka ce ba a nemi yardarsu ba, kamfanin kuwa ya musanta, ya jingina mace-macen ga cutar. Da aka yi sulhu a 2009 bisa dala miliyan 75, sai aka sharɗanta cewa mai neman diyya sai an auna ƙwayoyin halittarsa domin tabbatar da nasabarsa, kuma iyalai da dama suka ƙi, domin sun riga sun ɗanɗana kuɗarsu.

A nan mas'alar take, domin ɗigon jinin mutum guda yana ɗauke da sirrin iyayensa da 'yan'uwansa da jikokin da ba a haifa ba, alhali kiyaye nasaba yana cikin larurori biyar da malaman usulu suka ce shari'a ta zo ta tsare. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta lissafa bayanan ƙwayoyin halitta cikin abubuwan da ke bukatar tsaro na musamman, madalla. Sai dai ni a ganina, dangwala yatsan manomi bisa takardar Turanci da ba wanda ya fassara masa ba ya cancanci sunan izini.