"Ku Kai Shi Gida": Cocin Katolika da Batun Kisan Jinƙai



Da aka ba ni wannan batu, wani abokina ya tambaye ni, me ya haɗa Gusau da kisan jinƙai? Yana da gaskiyarsa. Ƙasashen da suka yarda likita ya ƙarasa majinyaci bisa roƙonsa suna da nisa da mu: Holan da Beljiyam tun 2002, Kanada tun 2016. A nan dokar ƙasa ta hana, addinin Musulunci ya hana, haka ma na Kirista. Sai dai muna da tamu kalmar da ake faɗa a bakin gadon asibiti cikin sanyin murya: "Ku kai shi gida." A kanta nake son mu tsaya.

Matsayin Cocin Katolika a fili yake. Fadar Batikan ta bayyana shi a 1980, Fafaroma John Paul na Biyu ya ƙarfafa shi a 1995, aka sake nanata shi a 2020 zamanin Fafaroma Francis. Rai amana ce daga Allah, ba mallakar mai shi ba ce, balle ta likita. Duk abin da aka yi, ko aka ƙi yi, da niyyar kawo mutuwa don a huta da wahala, kisa ne, ko da majinyacin ne ya roƙa da bakinsa.

Mutane da yawa a nan suke tsayawa, alhali koyarwar ba ta ƙare ba. Cocin ba ta ce a ja da ajali ba. Idan magani ya daina amfani, ko nauyinsa ya fi ƙarfin majinyaci da iyalinsa, ba laifi a dakatar da shi. Wanda ya yi haka bai kashe kowa ba, cutar ce ta yi ajali. Tun 1957 kuma Fafaroma Pius na Goma Sha Biyu ya shaida wa likitoci cewa ya halatta a ba mai jin jiki maganin kashe raɗaɗi mai ƙarfi, ko da zai iya rage masa kwana, muddin sauƙi ake nema masa, ba mutuwa ba. Abin da ba a janyewa shi ne kulawa: ruwa da abinci matuƙar jiki na karɓa, wanka, juya shi a shimfiɗa, da zama kusa da shi.

Na ga wannan da idona. Wani kawuna daga ƙauyen Bungudu ya yi fama da ciwon ƙoda. Aka sayar da shanun noma, aka jinginar da gona, duk don wankin ƙoda. Wata rana ya kama hannun babban ɗansa ya ce, "Ya isa haka, kada ku bar marayu ba gona." A ma'aunin Katolika wannan ba kisan kai ba ne, kuma na yarda da hakan. Abin da har yau yake ci mini rai shi ne kwanakin da suka biyo baya. Mun dawo da shi gida da 'yar leda ta farasitamol. Ana yi masa fifita, ana ɗiga masa ruwa da cokali, yana nishi har asuba. Ba mu san akwai maganin da ya fi wannan ba, ba wanda ya gaya mana kuma.

Shi ya sa nake ganin wannan koyarwa ta fi ɗora mana nauyi a kan yadda ta ɗora wa Turawa. Wanda ya ce ba za a kashe ba, dole ya ce ba za a yasar ba. Mofin maganin raɗaɗi ne mai ƙarfi da araha, amma mutumin Tsafe ko Bungudu da ke fama da ciwon daji da wuya ya kai gare shi, ga hanyoyin da rashin tsaro ya sa ake shakkar bi da mara lafiya cikin dare.

Roƙona ga likitoci da nas-nas da ke zauren nan, da limamanmu, da shugabannin Katolika na yankin Sakkwato wanda Zamfara ke cikinsa: ranar da za ku ce wa wasu su kai nasu gida, ku zaunar da su tukuna. Ku rubuta musu maganin raɗaɗi, ku nuna musu yadda ake juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, ku ba su lambar da za su kira idan dare ya yi tsawo.