Wurare Uku Da Muka Sa Wa Gaba, Mu Da Uwargida

 

An ce mu yi bayani a kan tafiye-tafiyen da muka yi, mu da uwargida. Da farko mun so mu kauce, don kuwa ɗan kasuwa bai ga abin ba da labari a cikin tafiya ba. Tun 1988 muke bisa hanya, daga nan Ibadan zuwa Shagamu, daga Shagamu a ɗaure huhun goro a nufi Kano. Amma in za a faɗi gaskiya, ba abin da muka sani a garuruwan nan sai tasha da kasuwa da ɗakin fatoma. Ita kuwa uwargida a nan Sabo aka haife ta, a nan aka haifi mahaifinta, kakanta ne ya zo daga ƙasar Sakkwato. Shekara ashirin da aurenmu, ba ta taɓa haye kogin Kwara ba. Wata rana autanmu ya tambaye ta ina ne garinsu, ta ce masa Sakkwato. Ya ce, "Umma, yaya garin yake?" Ta yi shiru. Daren nan muka zauna muka yanka wa kanmu wurare uku da za mu je tare: garin kakanninta, da Kumasi inda baffanmu ya zauna, da kuma Makka.

Ta farko mun yi ta a 2017. Muka bi ta Oyo da Ilori, muka haye gadar Jebba, sai Mokwa, Kontagora, Yawuri, Jega. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da bayansa ke ji. Ba mu da komai a hannu sai sunan kaka da sunan wani ƙauye kusa da Tambuwal. Muka yini muna tambaya, har aka kai mu gidan wata tsohuwa da ido ya fara yi mata nisa. Da aka faɗi sunan, sai ta ce wanta ne, ya tafi Kurmi fatauci tana yarinya, ba a ƙara jin ɗuriyarsa ba. Ta kama hannun uwargida tana shafawa tana kuka. Jama'a, tsohuwar nan ta rasu bayan wata bakwai. Da mun ce sai kasuwa ta yi kyau tukuna, kamar yadda muka saba faɗi kowace shekara, da shi ke nan zumuncin ya yanke. Daga can muka ƙarasa Sakkwato, muka ziyarci Hubbaren Shehu, muka juyo.

Ta biyu, wato ta Gana, a ƙarshen 2018 ne. Allah Ya taimake mu da muka yi ta a lokacin, domin a watan Agusta na 2019 aka rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Seme ba sai Disamban 2020. Daga Ikko zuwa Ankara boda uku mutum zai ƙetare: ya shiga Binin, ya shiga Togo, sannan Gana. Kuɗi ma sai an canja sau biyu, naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi. Ba a neman biza tunda duk ƙasashen ECOWAS ne, amma a riƙe fasfo, a kuma riƙe katin allurar shawara, mai ruwan ɗorawan nan. Mu dai mun manta na uwargida a gida, kuma laifinmu ne. A wata boda aka zaunar da mu kusan awa uku, motarmu ta tafi ta bar mu, muka kwana a Kwatano ba da shiri ba.

Kumasi kuwa, sai ka ce mutum bai bar Sabo ba. Ka shiga Zango ka ji Hausa ta ko'ina, ga koko da ƙosai da safe, ga kiran salla. Sai dai Hausarsu ba ta cika raba mace da namiji ba. Da aka ce wa uwargida "ka zo lafiya?" sai ta waiga tana neman wanda ake yi wa magana. Su ma suka yi ta dariyar Yarbancin da ke tsalma mata a baki. Baffanmu ya riga mu gidan gaskiya, amma mun sami 'ya'yansa. Yana cikin waɗanda suka tsira da zama a 1969, lokacin da gwamnatin Gana ta kori baƙi. Babban ɗansa ya kai mu kasuwar Kejetiya, ya nuna mana inda ake cinikin goro. A nan ne muka gane ashe sana'ar da muke ci a Shagamu ta can ta faro. Kakanninmu har Salaga suke zuwa da jakuna, a ƙasar Gwanja, su sayo goron Asante. Shi ya sa har yau Yarbawa ke ce wa irin goron da muke saye gbanja. Shekara talatin muna jin kalmar a kasuwa, ba mu taɓa tambaya ba.

To, saura ta uku, kuma ita ce mai nauyi. Mun fara tarin kuɗin kujera biyu, ita da adashinta, mu da abin da kasuwa ta bari. A 2020 da 2021 korona ta hana mutanen waje zuwa aikin Hajji. Kafin 2023 kujera ɗaya ta kai kusan naira miliyan uku, abin da ke hannunmu kuwa bai wuce na kujera ɗaya da rabi ba. Abokai suka ce a bari sai baɗi a tafi tare. Wasu ma suka ce maigida ya fara zuwa. Amma maigidan nan ya riga ya sauke farali tun 2012, kuma tun muna Islamiyya aka karantar da mu cewa Hajji sau ɗaya ne wajibi. Nasa nafila ne, nata farilla. Sai muka biya mata, ta tafi tare da yayanta. Ba za mu ɓoye muku ba, ranar da muka raka ta sansanin alhazai mun dawo gida jiki a sanyaye, don ba haka muka shirya ba. Amma a 2025 kujera ta haura miliyan takwas. Da mun jira, da yanzu ba ita ba mu.

Saboda haka burinmu na tsayawa tare a gaban Ka'aba yana nan bai cika ba. Muna tarin na Umra a hankali, in Allah Ya nufa.

Kafin nan akwai wadda ta fi kusa. Cikin 'ya'yanmu shida, uku ba su taɓa kwana a Arewa ba, kuma mun san ba gidanmu kaɗai ba ne. Mun yi niyya bayan Babbar Salla mu ɗauki shatar mota mu kai su Kano, mu biya ta Tambuwal a dawowa. Mota mai cin mutum goma sha takwas ce, mu kuwa mu takwas ne. Duk maigidan da ke son a tafi da iyalinsa, ya ba sakatare sunansa kafin ƙarshen wata, a raba kuɗin.