MATSAYIN SUNA A WASAN KWAIKWAYO NA FIM



Abin da nake so mu duba a yau shi ne sunan da marubuci kan laƙaba wa wasansa. Wasu na ɗauka ƙaramin al'amari ne, sai an gama rubutu a nemo shi a gurguje. Ni kuwa ina ganin suna alkawari ne tsakanin marubuci da mai kallo. Manomi a Ƙaraye ko ɗan kasuwa a Rogo, idan ya je wurin mai tura finafinai a waya, bai karanta labarin ba, bai san wanda ya rubuta ba. Sunan kaɗai zai ji, a kansa kuma zai yanke shawarar ba da kuɗinsa da lokacinsa.

Magabatanmu sun bi hanyoyi uku wajen ɗaukar wannan alkawari. Ta farko ita ce sunan mutum. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, watau Shaihu Umar, ya zama fim, bai sake masa suna ba. Dalili kuwa shi ne tun 1934 littafin yake hannun jama'a, sunan ya riga ya yi wa fim ɗin shela. Amma marubucin da ba a san gwarzonsa ba, wannan hanya ba za ta fisshe shi ba.

Ta biyu ita ce sunan hali, kamar Uwar Gulma ta Mohammed Sada. Kowane gari yana da irin wannan mace, saboda haka da jin sunan mutum ya san inda aka dosa, saura ya ga yadda za ta ƙare.

Ta uku, wadda na fi ba muhimmanci, ita ce rabin karin magana. Umaru Ɗanjuma Katsina ya kira wasansa Kulɓa Na Ɓarna, aka buga shi a 1979, daga baya aka yi fim ɗinsa. Bahaushe ya san ragowar maganar, cewa jaba ake ɗora wa laifin. Ke nan kafin a fara wasan, mai kallo ya shiga neman wace ce kulɓar, wace ce jabar. Marubucin ya faɗi rabi, jama'a sun cika rabi.

To, tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suka yawaita, gasar jan ido ta yi tsanani. Sai ga wasu suna sa sunan Turanci a kan labarin Hausa, wasu kuma suna ɗora suna mai zafi a kan labarin da bai kai shi ba. Na farko ya rufe wa mutumin karkara ƙofa. Na biyu ya saɓa alkawari, wanda aka yaudara sau ɗaya kuwa da wuya ya dawo.

Saboda haka, ɗalibai, shawarata ita ce ku tono sunan daga cikin labarin kansa. Idan kun rasa kalma biyu ko uku da za su ɗauki jigonsa, ku koma kan rubutun, domin alama ce jigon bai nuna ba tukuna.

Allah ya sa mu dace.