Abin Da Ya Sa Ake Ƙara Sababbin Lambobin Waya

Yau za mu yi magana a kan lambobin waya. Kowa ya ɗauko allonsa ko littafinsa, gama akwai abin rubutawa.

A zamanin da, wayar tarho ta igiya ce, tana bin turaku daga gari zuwa gari. Ba a ganinta sai a gidan waya da ofisoshin gwamnati da gidajen manyan attajirai. Kowane babban gari yana da lambarsa da ake fara bugawa. Ta Sakkwato 060, ta Kano 064, ta Katsina 065, ta Zariya 069, ta Legas kuwa 01. Wannan lamba kamar sunan gari ce a bayan ambulan. In ka rubuta wasiƙa ba ka sa sunan gari ba, ina za a kai ta?

A shekarar 2001 wayar hannu ta GSM ta shigo Nijeriya. Ita ba ruwanta da gari, lambar kamfani ce a farkonta. MTN ya fara da 0803. Econet, wanda yanzu ake kira Airtel, ya fara da 0802. Glo ya zo a 2003 da 0805.

To, ku ƙirga tare da ni. Lambar wayar hannu tana da alƙaluma 11. Huɗu na farko na kamfani ne, bakwai na baya na mai waya ne. Alƙaluma bakwai, ko yaya ka jujjuya su, ba za su ba ka lamba fiye da miliyan 10 ba. Miliyan 10 da yawa ne, amma mutanen Nijeriya sun fi miliyan 200, kuma wani ɗan kasuwa shi kaɗai yana riƙe da layi uku. Saboda haka 0803 ta cika. Da ta cika, sai hukumar sadarwa ta ƙasa, wato NCC, ta ba kamfanin 0806, daga baya 0703, da 0813, da 0903, har aka kai 0913. Sauran kamfanoni ma haka aka yi musu.

Abin kamar gida ne. In iyali sun yi yawa, maigida ba ya korar na ciki. Sabon ɗaki yake ginawa. Wanda ke da tsohuwar lamba tana nan yadda take, sabon shiga ne ake ba sabuwa.

Ga inda matsala take. Wasu in sun ga lambar da ba su saba da ita ba, sai tsoro ya kama su, su ƙi ɗauka. A 2004, da kuma 2011, jita-jita ta bazu cewa akwai lambar da in ka amsa sai ka mutu. Hukumar NCC ta fito ta ce ƙarya ce. Lamba ba ta kisa. Amma ɗanka da ya tafi cin rani Legas ko Ibadan yana iya sayen sabon layi mai farawa da 090 ko 091. Ya buga don ya aiko da kuɗin taki, kai kuwa ka ƙi ɗauka. Ko dillalin da zai sayi albasarka ya buga sau uku, ya gaji, ya nemi wani.

Abin tsoro shi ne maganar mai bugowa. In ya ce daga banki yake, ka karanto masa lambar sirrinka ko wadda aka aiko maka ta saƙo, ɓarawo ne, ko da wace lamba ya bugo. Kashe wayar.

Wani abu kuma. Tun 2013 mutum yana iya komawa wani kamfani da lambarsa ta da. Don haka farkon lamba ba koyaushe yake nuna kamfani ba yanzu.

Wayar igiya ma an taɓa ta. Daga 1 ga Janairu 2024 aka ƙara mata alƙaluma biyu a gaba. Ta Kano ta zama 02064, ta Sakkwato 02060, ta Legas 0201. In kana da lambar wani ofis ko asibiti a tsohuwar takarda, ka buga ba ta shiga ba, gyara farkonta ka sake gwadawa.

Masu 'yan'uwa a Ƙonni ko Maraɗi, ku saurara. In za ka buga Nijar, fara da +227. In su za su bugo maka, su fara da +234, su yar da sifirin farko na lambarka. Wannan sifiri yana rikita mutane ƙwarai, har da masu ilmi.

Yanzu kowa ya rubuta lambarsa, ko ta wani na gidansu, a allo. Ku raba ta kashi uku: huɗu, uku, huɗu. Sa'an nan ku ƙirga. In ba ta kai 11 ba, an bar wani alƙalami a baya. Wanda ya gama ya miƙa wa na kusa da shi ya karanta da ƙarfi, malami yana ji.